Sifilin Mansura

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Da sunan Allah. Littafin nan na saye shi ne don lissafin gadon da matan unguwar Kwamba ke kawo mini in duba musu. Ban taɓa rubuta maganar gidana a ciki ba. Yau zan rubuta, don babu wanda zan gaya wa.

Yaya Alhaji Ghali, wan mijina marigayi Malam, ya zo da hantsi. Maganar gonar Maje ce, gonar surukina Baba Sabo. Shekara goma sha shida ke nan da rasuwarsa ba a raba ta ba. Malam ya bi shi, Inna mahaifiyarsu ta bi Malam, gona tana nan, wani manomi Dogara yana noma ta yana kawo mana doya. Yanzu gidaje sun cinye gabas da kudu, har wani ya jingina katangarsa da mangwaron kan iyaka. Yaya ya ce a raba kafin damina ta zauna, kowa ya san nasa.

Takarda ɗaya ya miƙo mini. An kai wa wani malami a cikin gari ya yi lissafi. A sama an rubuta za a kasa gonar kashi 38,016, a ƙasa sunana, Safara'u matar marigayi, kashi 756, sai layin sa hannu. Takardar yara, ya ce, tana hannun ɗana Taufiq.

"Malama, mun san fanninki ne. Ba mu so mu ɗora miki ne, tunda abin ya shafe ki. Hannu kawai za ki sa."

Na ce ya bar mini ita ta kwana. Ya yi dariya, ya ce ni ko katin asibiti aka ba ni sai na raba lambarsa gida uku.

Na duba nawa. Tumunina daidai yake, bai ragu da ƙwayar gero ba.

Amma lambar sama ta ƙare da shida.

Talata, 8 ga Afrilu, bayan asuba

Bari in rubuta dalili, kada in zargi kowa a kan zato.

Da Malam ya rasu, rabonsa ya kasu ashirin da huɗu. Uku nawa, huɗu na Inna, sha bakwai na yara. Yaran Malam huɗu ne: 'yar farina da ke aure a Tafa, wadda ba na kama sunanta, sai Taufiq, sai Mansura, sai auta Umaima da ke makaranta. Namiji kai biyu ne a lissafi, mace kai ɗaya. Kai biyar ke nan. Sha bakwai ba ta rabuwa biyar, ba ta rabuwa da komai ma, lamba ce mai taurin kai. To dole biyar ta shiga cikin babbar lamba ta zauna. Kuma duk lambar da biyar ta shiga, da biyar ko sifili take ƙarewa. Tamu tana rabuwa biyu, saboda haka sifili ne.

Ba a yi kuskure ba. Malamin ya iya aikinsa, na bi sawunsa layi layi. Kai huɗu aka kai masa.

An cire mace ɗaya.

Talata, da azahar

Ban tambayi wacce ce ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da hantsi

Na sake lissafin tun daga Baba Sabo, yadda mahaifina ya koya mini a zaurensa na Zariya. Yayyena maza duk sun gudu daga wannan karatu, ni ce nake zama ina share masa ƙasa yana zana lamba da yatsa. Yakan ce zaman lambobi biyu iri huɗu ne: ko su zama iri ɗaya, ko ƙaramar ta shige cikin babbar, ko su haɗu a wata ta uku, ko kuma babu abin da ya haɗa su. Wannan ta ƙarshen ita ke kumbura lissafi, ita kuma ke sa malalaci ya ci haƙƙin mutane.

Baba Sabo ya bar mata ɗaya, maza huɗu, mata uku. Tamanin da takwas. Na shigar da mutuwar Malam, ta koma 5,280. Na shigar da ta Inna, wadda ta bar maza uku da mata uku, kai tara. Rabonta ɗari takwas ne, ba abin da ya haɗa ɗari takwas da tara. Na ninka.

47,520.

Dubu arba'in da bakwai da ɗari biyar da ashirin. Na haɗa rabon kowa na tara, ya dawo daidai, ko ɗaya bai yi saura ba. Na nemi in rage ta, ta ƙi. Ba za ta yi ƙasa da haka ba sai an yanka rabon wani gutsu-gutsu.

Shekara ashirin ina wannan aiki ban taɓa fitar da lamba mai girmanta ba. Allah Ya yafe mini, na zauna ina kallonta kamar na haife ta.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan sallah

Taufiq bai je Abuja ba yau. Na zuba masa shinkafa da wake, na bari ya ci rabi tukuna.

Na ce, "Taufiq, takardarku tana wajenka?"

Ya ce tana ofis.

Na ce, "Mutum nawa ne a ciki?"

Ya ajiye cokali. "Baffa ne ya gaya miki?"

"Babu wanda ya gaya mini."

"To wa ya nuna miki?"

"Lambar ce."

Ya dube ni kamar na yi duba. Sai ya ce, a hankali yadda ubansa ke magana in ransa ya ɓaci, "Umma, ke ma kina tsakar gidan nan ranar. Kin ji abin da na rantse a kai. Ba ki ce komai ba."

Gaskiya ya faɗa. Ina nan. Ina riƙe da tsintsiya, har Mansura ta fita da jaka ɗaya ban ajiye tsintsiyar ba.

Na ce masa rantsuwarsa tasa ce, ta hana shi gaishe ta, ba ta hana ta gadon ubanta ba. Ranar da Malam ya cika tana ɗakin, shekararta goma sha biyar, ita ke ɗiga masa ruwa a baki. Tun daga wannan sa'a rabonta ya zama nata. Abin da ya faru shekara uku da suka wuce ba ya komawa baya ya goge wancan.

Ya ce, "Ko inda take ba mu sani ba."

Na ce wanda ba a san inda yake ba ajiye masa ake yi.

Bai ƙarasa abincin ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da walaha

Yau na gane wani abu da ya sa na daɗe zaune. A lissafinsu, yadda na bi sawunsa, kowace 'yar Malam tana da 1,071, Taufiq yana da 2,142. A tawa ma haka, 1,071 da 2,142. Ko ɗaya bai canja ba. Gonar ce kawai aka kasa ƙanana a tawa, manya a tasu. Rabon su Yaya bai motsa ba, nawa bai motsa ba. Abin da aka cire wa ɗiyata cikin gidana ya tsaya, rabinsa ya tafi ga Taufiq.

Na san yana son gini. Na san iyayen yarinyar da yake nema sun ce ba su ba mai haya. Kullum yana fita tun duhu ya bi layin mota zuwa Abuja, ya dawo ƙafa a kumbure. Ban ce ɗana ɓarawo ne ba. Ban rubuta haka ba.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan azahar

Matan Islamiyya sun ce yau na yi ta maimaita darasi ɗaya. Ban lura ba.

Laraba, 16 ga Afrilu, da la'asar

Yaya ya aiko a karɓi takarda. Na mayar ba sa hannu, na haɗa da tawa a ninke. Ko awa ba a yi ba ya kira.

"Malama, me ye wannan dubu arba'in da bakwai? Gona ce za mu raba ko gero za mu ƙirga?"

Na ce, "Yaya, taku ma dubu talatin da takwas ce."

"To ai ta fi sauƙi."

Na ce da mutum ɗaya ta fi sauƙi.

 Sai ya ce shi ba ya son a tono abin da aka binne, gidan Baba Sabo ya sha magana a bakin mutane ya ishe shi. Ya ce in bari a raba haka, in ta dawo wata rana 'yan'uwanta sa ba ta wani abu. Na ce wani abu ba rabo ba ne. Ya ce to a haɗu gidansa ranar Asabar ta sama, 26 ga wata, kowa da kowa, har malamin da ya yi lissafi da mai awon fili.

"In kin kunyata a gaban malami kada ki ce ban gaya miki ba."

Na ce to, Yaya.

Na ajiye wayar. 

Juma'a, 18 ga Afrilu, da hantsi

Tun ranar Laraba Taufiq bai kwana gida ba. Ya turo saƙo wai yana wajen abokinsa kusa da wurin aiki, zirga-zirga ta yi masa yawa. Na ajiye masa tuwo a kula. Da safe na ɗumama na ba almajiran Islamiyya mata biyu da suka zo shara.

In hankalina ya tashi sai in ɗauko lambar in yi ta juya ta. Biyu tana raba ta. Uku tana raba ta. Huɗu, biyar, shida. Takwas, tara, goma, sha ɗaya, sha biyu. Daga ɗaya har sha biyu babu wadda ta ƙi ta sai bakwai, ita kam huɗu ke yin saura. Na rabe ta biyu, na sake, na sake, sau biyar kafin ta ƙi. Uku sau uku. Sai sha ɗaya, wato kawunan 'ya'yan Baba Sabo. Sai biyar guda ɗaya tak.

Duk mutanen gidan nan suna cikinta, matattu da rayayyu. Ina iya nuna wa mutum inda Inna take.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Na fara rubuta duk lambobin da ke raba ta ba saura. Na kai sittin da ɗaya.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da yamma kafin magariba

Na je Tafa. 'Yar farina ta ga fuskata ta kori yara waje.

Na gaya mata komai, na gaya mata ita ma filinta zai ragu in aka bi tawa. Ta ce, "Umma, ni aka tambaye ni ne da aka ƙara mini?" Sai ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ni.

"Zan gaya miki wani abu, amma kada ki yi fushi."

Tana da lambar wayar Mansura. Tun shekarar farko. Suna magana duk wata. Tana lafiya, tana aiki a wani shagon ɗinki, ba ta faɗi garin ba, ni ma ban tambaya ba. Akwai sauran abin da ta so ta gaya mini, na ɗaga hannu. Ba yau ba.

Na ce, "Tana tambayata?"

Ta ce, "Takan ce yaya ƙafar Umma."

Ta rubuta mini lambar a bayan takardar magani. Ban kira ba. Shekara uku, me zan fara cewa? Sannu?

A mota na tuna bayan arba'in ɗin Malam. Ina zaune ina lissafin abin da ya bari, Mansura tana leƙe ta kafaɗata. Cikin yarana ita kaɗai ta ɗauko wannan karatu, kamar yadda ni kaɗai na ɗauko na mahaifina. Ta ce, "Umma, mu huɗu ne, amma lissafi ya ce mu biyar ne." Na nuna mata yadda biyar ke barin sifili a wutsiyar lamba. Ta yi ta murna, ta ce to duk ranar da aka raba wani abu na Baba ba ta ga sifili ba za ta kai ƙara. Muka yi dariya, dariyar farko tun rasuwar.

Talata, 22 ga Afrilu, da azahar

Tamanin da takwas. Nan jerin lambobin ya kai. Kula tana nan yadda na ajiye ta.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan asuba

Na tambayi kaina ko don Allah nake yi, ko don a ce Malama Safara'u ta kama malami da kuskure. Na duba zuciyata da kyau. Akwai na biyun a ciki, ba zan ɓoye ba. Na yi istigfari. Amma ko da girman kai ne ya riƙe fensirin, lissafin daidai ne.

Akwai na uku ma. Tsintsiyar nan.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da hantsi

An yi ruwan farko jiya da la'asar, ƙasa ta yi ƙamshi. Dogara ya zo yana tambaya ko ya yi kunyar shuka ko ya bari. Na ce ya tambayi Yaya. Ya ce ya tambaya, Alhaji ya ce maganar tana hannun Malama.

"Malama, me ya tsayar?"

Na ce lamba ɗaya ce.

Ya ce, "Lamba ɗaya ta hana ni shuka? To Allah Ya sa ta haihu."

Jerin ya tsaya a casa'in da huɗu. Na bi su sau biyu, ban ƙara samun wata ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Zan rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Maza a falon Yaya, mu mata a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, labule a ɗage. Ƙannen Malam biyu sun zo, 'yan'uwansa mata uku sun zo. Taufiq yana can gefe kusa da taga, ya gaishe ni daga nesa. Malamin dattijo ne mai farin gemu, ya girme ni nesa ba kusa ba. Mai awon fili kuma Bayerabe ne, Oluwatobi, a nan Suleja aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu.

Yaya ya yi bayani, ya ce Malama tana da 'yar magana. Ya ce 'yar magana.

Na gaishe da malamin. Na ce, "Allah gafarta Malam, ban zo gyara maka ba. Tambaya ce. Sha bakwai ɗin da ta rage wa 'ya'yan mijina, kai nawa ka raba wa?"

Sai da aka ce in ɗaga murya. Na maimaita.

Ya duba takardarsa. "Huɗu. Namiji ɗaya, mata biyu."

Na ce, "Na haifi mata uku."

 Ɗaya daga cikin gwaggonnin yara ta ja mini hijabi ta baya, ta ce a kunnena, "Safara'u, ki rufa mana asiri." Na ce mata ba asiri na zo buɗewa ba, ƙirga na zo yi.

Malamin ya cire tabarau. Ya ce, "Ta ukun ta riga ubanta rasuwa?"

Na ce a'a.

"Tana raye ranar da ya rasu?"

Na ce ita ta rufe masa ido.

Ya juya wajen Yaya. Bai ɗaga murya ba shi ma. Ya ce, "Alhaji, abin da aka kawo mini na lissafa. Da na sa hannuna a kan wuta ban sani ba."

Yaya ya ce shi ma abin da aka ba shi ya kai. Kowa ya dubi taga.

Taufiq ya miƙe. Ya ce, "Malam, ba ka san abin da ta yi ba."

Malamin ya ce, "Ta kashe shi ne?"

"A'a."

"To ba na bukatar in sani, ɗana. Zauna."

Bai zauna ba, amma bai fita ba.

Malamin ya karɓi takardata, ya bi ta da yatsa. Ya daɗe. Ina cewa a raina in akwai kuskure ko na ɗaya ne, shi ke nan, za a ce mace ce ta rikice don son 'yarta. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Sai ya ce, "Wa ya nuna miki sunayen da aka kawo mini?"

Na ce ban gan su ba har yanzu.

"To ta yaya kika san an cire mutum?"

Na ce lambarka ta ƙare da shida, Malam.

Ya dubi takardarsa, ya dubi tawa. Ya yi murmushi, ya ce, "Wa ya karantar da ke?" Na faɗi sunan mahaifina. Bai san shi ba. Ya ce Allah Ya jiƙansa, ya bar baya.

Oluwatobi duk wannan lokaci yana danna waya. Ya ce, "Mama, da hannu kika yi wannan? Ba kalkuleta?" Na ce da fensir. Ya ce shi ya yi lissafi a makaranta, kuma lambar nan kyakkyawa ce, lambobi casa'in da shida ke raba ta. Na ce casa'in da huɗu. Ya ce da shida, Mama. Na fito da littafin nan na nuna masa jerin. Ya duba, ya yi dariya, ya ce na bar ɗaya da ita kanta lambar. Na ce raba abu gida ɗaya ba rabo ba ne, ɗana, mutum ɗaya ne ya kwashe. Ya ce a makarantarsu dai ana ƙirga su. Na ce to a ƙirga, ban hana ba.

Har Yaya sai da ya yi dariya. Ya ce, "Na gaya muku, ko katin asibiti."

Aka sake takarda a kan 47,520. Kowa ya sa hannu. Da aka zo kan layin Mansura malamin ya kira sunanta, ya rubuta: a ajiye a hannun mahaifiyarta. Shekara uku ban ji an faɗi sunanta da ƙarfi a cikin dangi ba sai yau, kuma baƙo ne ya faɗa.

Taufiq ne ƙarshe. Ya sa hannu a tsaye. Da zai fita ya bi ta gabana, ya ce, "Kin zaɓa, Umma."

Na ce, "Ban zaɓa ba. Na ƙirga ku ne, kuka fito biyar."

Ban san ko ya ji ba.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da walaha

Ya bar baya. Haka ya ce.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan azahar

Taufiq ya zo ina Islamiyya, ya kwashi kayan sawarsa. Ya bar takalmansa na Juma'a da hoton ubansa. Na yi ta kallon takalman ina lissafin abin da suke nufi. Wannan kam ba fannina ba ne.

Kwana goma sha huɗu rabonsa da kwana a gida.

Ina ci gaba da zuba masa. Maƙwabciyata ta ce ina ɓarnar abinci. Na ce ba a zubarwa, akwai masu ci.

Asabar, 3 ga Mayu, da la'asar

An yi awo. Na je Maje tun da safe, ni da 'yar farina. Rabona da gonar tun Malam na da rai. Ban gane hanya ba, duk inda na san dawa yanzu bulo ne da kwano.

Oluwatobi ya ce gonar hekta biyu ce. Ya ce rabon kowace 'yar Malam ya kusa fuloti guda, ƙafa hamsin da ɗari, saura kaɗan. Na ɗauka 1,071 cikin dubu arba'in da bakwai ɗan tsito ne, abin da za a shimfiɗa tabarma. Ashe wurin ɗaki uku ne da tsakar gida.

Ya tambaye ni ina za a sa nata. Na ce a yi ƙuri'a yadda ake yi, kada a ce na zaɓar mata. Aka yi. Ya faɗo gefen mangwaro, iyaka ɗaya da na Taufiq. Dogara ya ce, "Malama, wannan kuma ba ke kika lissafa ba." Na ce wannan ya fi ƙarfin fensirina.

Taufiq bai zo ba. Yaya ne ya tsaya masa.

Aka kafa siminti huɗu. Na taka daga wannan zuwa wancan, ƙafar tana ciwo amma na zagaye su duka. Dogara ya tambaya ko ya shuka mata wani abu kafin ta zo, don kada a ga fili a banza a yi masa ido. Na ce ya sa gyaɗa. Tana son gyaɗa dafaffiya.

Kafin ta zo, ya ce. Kamar abu ne da aka sa wa rana.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan azahar

Na ɗauko takardar maganin. Na rubuta saƙo na goge, na rubuta na goge. Na fara da sallama, ya yi kama da wasiƙar hukuma. Na fara da ki yafe mini, na ga ba a faɗin wannan ta waya. Na fara ba ta labarin gona, ya yi tsawo, kuma sai na ambaci wanda ya cire ta, ni kuwa ba zan rubuta wannan ba ko a nan.

A ƙarshe ga abin da na tura:

Gonar Maje. 47,520.

Ko sunana ban sa ba. Na kife wayar a kan tabarma na tashi na yi wanki, wanda ma bai yi datti ba.

Lahadi, bayan la'asar

Shiru.

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Ta amsa. Ina tsakar gida ina shara wayar ta yi ƙara. Wannan karon na ajiye tsintsiyar.

"Na ga sifilin, Umma. Yaya ƙafar?"